Kifin Jego a Tafkin Kuza

Jama'a, abin da zan ba ku yau ba a bakin wani na ji shi ba, ni ɗin nan ya faru da ni, kuma da rana tsaka ya faru, idona biyu, ban sha komai ba in ban da shayin safe. Wallahi ban ƙara gishiri ko ƙwaya ɗaya ba. Shekara tara ke nan, lokacin ina karatun digiri na uku a Kuala Lumpur ta ƙasar Maleshiya, muna zaune ni da matata Hadiza a wani ɗan ciki da falo a hawa na bakwai a Pantai Dalam, inda in ka leƙa ta taga ba abin da kake gani sai shanyar maƙwabta da jirgin ƙasa yana wucewa.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku gane inda wautata ta samo asali. Ni Bahaɗeje ne, jikan masunta. Tun ina ɗan shekara shida nake bin kakana cikin kwalekwale, har na shiga sakandare boko ya raba mu, saboda haka ina ganin ba wani mahaluki da zai koya min ruwa ko kifi. Ga ni da zurfin ciki, ga taurin kai, duk na haɗa. Hadiza kan ce in da za a ba da digiri a kan cewa "ba komai", da tuni na zama farfesa.

To, a shekarata ta biyu Allah Ya ba mu haihuwar fari. Ranar wata Talata aka yi wa Hadiza tiyata aka ciro 'ya mace, muka sa mata sunan mahaifiyata muna kiranta Ummi. Surukata ce ya kamata ta zo ta yi mata jego, amma takardunta suka ƙi fitowa, sai ya zama ni ne uwa ni ne ungozoma. Ni ke dafa ruwan wanka a butar lantarki sahu-sahu, ni ke dama kunun kanwa ana yi min kwatance ta waya daga gida, wani ya yi gudaji wani ya tsinke. Matan 'yan uwanmu ɗalibai sun yi ƙoƙari, Allah Ya saka musu, suka yi ta zirga-zirga har aka yi suna, daga nan kowacce ta koma kan karatunta da 'ya'yanta, don sun ga kamar komai ya daidaita.

Alhali bai daidaita ba. Washegarin suna Hadiza ta daina cin abinci. Duk abin da na yo mata tapau, wato na ƙunso daga gidan abinci, da ta ji ƙamshin kwakwar nan tasu sai ta kau da kai. Na dafa da kaina, ta ƙi. Ruwan nono ya ɗauke ƙaf. Madarar gwangwani kuma Ummi ta ƙi zama a cikinta, ana ba ta tana dawo da ita. Ranar Alhamis muka kai ta awo, nas ta ɗora ta a sikeli ta sauke, ta sake ɗorawa, sannan ta ce min nauyin yarinyar yana raguwa, in zuwa Litinin bai ɗaga ba za su kwantar da ita su zura mata robar abinci ta hanci. Na dubi 'yar nan, kukanta ma ya daina fita sosai, sai dai ta buɗe baki. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Da muka dawo gida Hadiza ta ce, "Abban Ummi, da zan samu farfesun kifin ruwa irin na Inna, ina jin zan iya ci." Ban ko zauna ba na nufi kasuwa na sayo tarwaɗa, na gyara ta da lemon tsami, na zuba kayan yaji. Cokali biyu ta kai baki ta amayar. Ta ce cikin kuka, "Wannan na kiwo ne, ƙarnin abincin da ake zuba musu nake ji." Ita ma 'yar bakin kogi ce, ba a yi wa harshenta wayo. Kifin teku kuwa dama ko da lafiyarta ba ta kusantarsa.

Sai na tuna da Nasiru. Nasiru Bakatsine ne, abokina kuma abokin wasana, injiniyanci yake karanta, yana da wata tsohuwar mota da sai an lallashe ta take tashi. Duk Asabar sai ya tafi wani tafki a bayan gari kamun kifi, shi da ko iyo bai iya ba, ya dawo yana nuna mana hotuna ya rungumi kifi yana washe baki. In ka ce ina kifin, sai ya ce ai ya mayar ruwa, haka dokar wurin take. Nakan ce masa, "Bakatsine ke nan. Ka kama abinci, ka yi hoto da shi, ka sake shi, sannan ka tsaya a shagon mamak na Indiyawan nan ka ci gurasarsu roti da miyar wake." Ranar Juma'a bayan masallaci na ce masa gobe zan bi shi. Ya ce, "Ah, angon ƙarni zai fita shan iska? Boleh lah!" Wato ba matsala. Ban gaya masa dalili ba. Ku da kuka tashi irin tashinmu kun sani, namiji ba ya buɗe baki ya ce wa wani nonon matarsa ya ƙafe, balle kuma magana a kan 'yar fari, wadda ko a gaban mutane kunyar ɗaukarta nake ji.

Asabar da sassafe na cika wa Hadiza fulas da ruwan zafi, na ajiye mata waya kusa, na cusa wata 'yar igiya a aljihun wandona, muka kama hanya. Ba zan faɗi sunan tafkin ba. Tsohon ramin haƙar kuza ne da ruwa ya cika, irin na wajen Jos, sai dai ya fi su faɗi nesa ba kusa ba, kuma ba shi da gangare, taku biyu daga baki ka faɗa zurfin da ba wanda ya san ƙarshensa. Wani dattijo Bamalaye ne ke kula da wurin a ƙarƙashin wata rumfar kwano, kowa na ce masa Pak Cik, kamar dai mu ce kawu. Shi ke ba da hayar kayak, wato ɗan kwalekwalen roba mai cin mutum ɗaya, da filafili mai baki biyu.

Pak Cik ya karanta mana dokokinsa da Turancinsa mai haɗe da Malayanci, Nasiru na cike min gurbi. Ba mai shiga ruwa sai da rigar ceto. Duk kifin da ka kama, lepas, wato ka sake shi. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce wadda ta fi kowacce, in ka ga dandazon 'ya'yan kifi kada ka jefa fatsa wurin, domin iyayensu na ƙasa suna gadi, in ka ɗauke su kafin azahar an cinye 'ya'yan. Yana miƙo min riga sai ya tsaya ya ƙare wa fuskata kallo, ya tambaye ni ko iyali lafiya. Na ce lafiya ƙalau, Alhamdulillahi. Ya sake tambaya. Na sake ce masa lafiya ƙalau, har da murmushi.

Kifin da ake farauta a tafkin suna ce masa ikan raja, sarkin kifi ke nan. Yana kama da karfasa amma ya fi ta tsawo da ƙarfi, jikinsa rawaya da kore da zane baƙi, ga wani tabo a gindin wutsiya kamar idon da ke jikin gashin ɗawisu. Daga wata ƙasa aka kawo shi, ya kuwa cinye 'yan gida. Ba a sa masa tana, ɗan kifin roba ake ɗaura wa ƙugiya a jefa a riƙa jawowa yana rawa. Nasiru ya tsaya kusa da rumfa inda in ya kife za a tsamo shi da wuri, ni kuwa na tuƙa can ƙarshen tafkin, bayan wani ɗan tsibiri mai ciyawa irin kacalarmu, inda ba mai ganin abin da hannuna ke yi. Wayata na bar ta a rumfa don gudun jiƙewa.

Kayak ba kwalekwalen kakana ba ne, wannan na gane tun a tuƙin farko. Ba shi da nauyi, 'yar iska kaɗan sai ta juya shi kamar ƙwarya. Na fi awa biyu ina jifa ina jawowa, ko motsi. Rana ta ɗaga, zuciyata na can hawa na bakwai. Can gefen wasu ganyen bado sai na ga saman ruwa yana tsatstsafa wuri ɗaya kamar ana yayyafi, na matsa, sai ga 'ya'yan kifi dunƙule guda, ɗaruruwa, kowanne bai kai tsinken ashana ba. A gida kakana ya koya min in ka ga haka ka samu, uwar na ƙasa kuma duk abin da ya gitta sai ta kai masa cafka. Na tuna yatsan Pak Cik sarai, ba mantawa na yi ba. Na ce a raina, 'ya'yan kifi ne za a gwada da 'yata? Na jefa.

Jifa ɗaya. Sandar fatsar ta lanƙwashe, kayak ya juya da ni sau biyu, da ƙyar na shawo kanta. Ƙatuwa ce, ta kai daga yatsuna zuwa gwiwar hannu har da ɗori. Na zaro igiyata na zura ta bakinta ta fito ta gefen kai, na ɗaure a jikin kayak na sake ta cikin ruwa ta ɓangaren da ba a gani daga rumfa, yadda muke yi a gida don kifi ya isa tudu da ransa. Shirina in na kusa baki in cusa ta cikin jakata. Gaskiya ban ji wani nauyi a raina ba, daɗi ma na ji, har ina lissafin citta da masoron da suka rage a kicin.

Ina juya kan kayak iska ta taso. Daga wajen rumfa take busowa, wato ta gabana, mai ƙarfi, ruwan da ke kwance ya fara tattarewa yana marin gefen kayak. Ban damu ba, na saba. Na sa alama da wata busasshiyar bishiya a gaɓa, kamar yadda masunta ke yi, na duƙufa tuƙi. Na yi tuƙin da ya isa ya kai ni rumfa, na ɗago, bishiyar na nan daidai kafaɗata. Na ƙara ƙaimi har tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, na ɗago, tana nan. Sai na ce to bari in daina, ai iska za ta kora ni baya in raɓe a gaɓar can. Na ɗora filafili a cinya. Jama'a, billahil azim, iskar da ke neman tuɓe min hula ba ta matsar da wannan roba ko taku ɗaya ba, gaba ko baya.

Na duba ko igiyar ce ta sarƙe da wani abu a ƙasa. Ba ta sarƙe ba, kifin na ta kai da komo a sake. Amma da na leƙa sai na ga 'ya'yan nan sun biyo mu, sun kewaye uwarsu a ƙarƙashin kayak, kuma wasu kifayen na kawo musu farmaki ta gefe-gefe, dunƙulen sai raguwa yake. Ruwa ya fara fantsamowa ciki yana taruwa a ƙafafuna. Na hango jar rigar Nasiru can nesa, na ƙwala masa kira har muryata ta dushe, bai ko waiwayo ba. A nan ne na hango mutuwa. Ba mutuwar nake tsoro ba kamar yadda nake hango Hadiza ita kaɗai da ɗinki a ciki, da jaririyar da ba ta iya kuka, tana kiran wayar da ke ajiye a rumfa.

Ban ji zuwanta ba. Na share ruwa daga idona kawai, sai ga kwalekwale a gefena, na katako, siriri, ya yi baƙi don tsufa, irin wanda ban ga ko ɗaya ba a rumfar Pak Cik. A ciki wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, da zanen atamfarsu da ya koɗe, ta yafa ɗan mayafi a ka. Abin da ya fara kama idona shi ne mayafin. Ni iska na neman yage min riga, ita ko gefen mayafinta bai motsa ba, kuma ruwan da ke kewaye da kwalekwalenta kwance yake lumui kamar a cikin baho. Na ɗaga murya na kama karanta duk addu'ar da na sani, ina haɗa wata da wata, ina jiran in ga ta ɓace. Ba ta ɓace ba. Ajiye filafilinta ta yi ta sunkuyar da kai, kamar yadda ake jiran mai salla ya idar, da na kai ƙarshe ta ɗaga tafukanta muka shafa tare.

Sannan ta nuna igiyar da haɓarta ta ce, "Lepas. Anak dia ramai." Malayancina na sayen albasa ne, amma lepas na ji shi da safe, anak kuma na san ɗa ne ko 'ya. Tana cewa ne in sake ta, 'ya'yanta da yawa. Babu faɗa a muryarta, yadda kaka ke yi wa jika magana ne in ya ɗauki abin da ba nasa ba. Ni kuwa ban san lokacin da kuka ya ƙwace min ba, ƙato da ni. Abin da na kasa gaya wa Nasiru, na kasa gaya wa Pak Cik, na kasa gaya wa uwata ta waya, shi na zazzage wa wannan baiwar Allah, da Hausa kuma. Na ce, "Iya, matata ba ta cin abinci. Nono ya ƙafe. 'Yata za ta mutu a hannuna a ƙasar mutane, ban san yadda zan yi ba."

Ta riƙa gyaɗa kai har na gama, kamar a Haɗejia aka haife ta. Sai ta ce, "Sebelas hari." Ƙidaya kam na iya, don da ita nake ciniki a kedai, wato kanti. Kwana goma sha ɗaya take nufi. Ku lissafa daga waccan Talatar zuwa wannan Asabar.

Na kwance igiyar, na riƙe kifin cikin ruwa har ta dawo hayyacinta, ta kaɗa wutsiya ta nutse, 'ya'yan da suka rage suka rufa mata baya. Tsohuwar ta sunkuya cikin kwalekwalenta ta ɗauko wani abu naɗe a ganyen bado an ɗaure da ciyawa, ta ɗora a bakin filafili ta miƙo min, hannunmu bai haɗu ba. Kifi ne dogo, baƙi-baƙi, mai kai kamar na maciji. Ta haɗa tafukanta ta kai baki, alamar a sha romo. Na sunkuya in gyara masa wuri tsakanin ƙafafuna, ina cewa na gode da duk harshen da ya zo bakina, na ɗago, babu kowa. Ba kwalekwale, ba ko zoben da ruwa ke yi in abu ya wuce, kuma daga inda nake ina ganin tafkin gaba da baya. Iska ta faɗi. Tuƙi uku na yi na bar busasshiyar bishiyar a baya.

Ina isa rumfa Nasiru ya tare ni da tsiya. "Bahaɗeje, wane irin atisaye ne wannan? Kusan awa guda ina hango ka kana tuƙi wuri ɗaya, na ce ko jikan masuntan ya manta karatun ne." Na ce bai ji kirana ba? Ya ce ko kusa. Na ce iskar fa? Ya ce iska kam an yi, amma ba ta hana kowa dawowa ba. Na ce tsohuwar da ke gefena? Ya daina dariya, ya ce shi dai ya ga na miƙa hannu biyu kamar mai karɓar abu, amma ba kowa a wurin.

Pak Cik ya zo karɓar riga, idonsa ya faɗa kan ƙunshin ganyen. Ban yi yunƙurin ɓoyewa ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ja kujera ya zauna. Ya tambaye ni, matarka ce ta haihu? Na ce e. Ya ce wannan kifin sunansa haruan, shi Malayawa ke dafa wa mai jego, yana haɗa ciwo yana dawo da ƙarfi, kuma rabonsa da ganin an fito da shi daga tafkin nan tun da ikan raja ya yi yawa. Sai ya ce, kuma har yau maganar na cina, "Sau biyu na tambaye ka da safe. Da ka faɗa, ai ƙanwar matata na samo shi daga gonakin shinkafa, waya ɗaya zan buga." Na ce wace ce tsohuwar? Ya dubi ruwa ya ce, "Nenek." Wato kaka. Ya ce mahaifinsa ya gamu da ita a makon da aka haife shi, shi kuwa duk daɗewarsa a bakin tafkin bai taɓa ganinta ba. Na yi juyin duniya ya ƙara min bayani, ya ce in tafi kada kifi ya lalace, in sa citta da yawa.

A mota Nasiru ya yi min tas. "Haba mutumina, ni ma ka ɓoye min? Matata Maman Khalifa na zaune a gida, da tun shekaranjiya tana wurinku." Da muka shigo gari ya rage murya ya ce, "Amma tsakani da Allah, kada ka ba ta kifin nan. Ba ka san hannun da ya ba ka ba." Ni ma abin da ke nuƙurƙusata ke nan tun daga tafki. In ba ta, ban san me zan sa mata a ciki ba. In hana ta, ga Litinin nan tafe.

Na buɗe ganyen a kicin, kifin na nan da ransa yana motsi, ga jini ga ƙaya kamar kowane kifi. Na ajiye wuƙa na je na zauna bakin katifa, karo na farko a zamanmu na gaya wa Hadiza magana tun daga farko har ƙarshe ban rage ba, har da satar da na so yi da kukan da na yi. Sai dai sunan da Pak Cik ya kira ta da shi ban faɗa ba, tsohuwa kawai na ce, don bakina ya ƙi ɗaukarsa. Ta saurara, Ummi na kwance a ƙirjinta. Ta ce, "Da kake addu'ar, ta tsaya ka gama?" Na ce ta tsaya. "Ta shafa?" Na ce ta shafa. Ta ce, "To je ka dafa min, ka yi bismilla."

Kwano biyu ta sha a zaune, ta tsotse ƙaya, ta ce in ajiye mata sauran. Lahadi da hantsi ina kicin ta kira ni da wata irin murya, na zo a guje na zaci wani abu ne, sai ta nuna min gaban rigarta ya jiƙe sharkaf. Ta sa Ummi, ina tsaye ina jin ƙarar haɗiyar yarinyar nan, ƙwat, ƙwat. Ranar Litinin nas ta ɗora ta a sikeli, nauyin ya ɗaga kaɗan, ta ce mu tafi gida mu dawo mako mai zuwa. Matar Nasiru kuwa tun ranar Lahadin ta tare a gidanmu, ta yi min faɗan da ko yayata ba ta taɓa yi min ba, na kuma shanye.

Ni ɗan kimiyya ne, kada ku zaci ban nemi bayani ba. Na ce ko rashin barci ne, na ce ko wani ruwa ne ke juyawa a ƙasan ramin ya riƙe ni, na ce ko dama nonon lokacin zuwansa ne ya yi. Duk na yarda za su iya yiwuwa. Amma kifin fa, wa ya naɗe shi a ganye ya ɗaure da ciyawa? Bayan arba'in na sayi zane mai kyau a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman na kai wa Pak Cik ko zai san yadda za a yi ya isa gare ta. Ya yi murmushi ya ce in nemi wata mai jego marar galihu in ba ta, haka kuwa na yi. Na shiga tafkin sau uku bayan nan, na je har gindin busasshiyar bishiyar, ban ga kowa ba.

Ummi na da wata goma na kammala karatu muka dawo gida, ko Baba ba ta fara cewa ba, balle wani Malayanci. Muka bar maganar, ba mu sake tayar da ita ba. Tana da shekara huɗu muka je hutun salla Haɗejia, da la'asar na riƙe hannunta muka gangara bakin kogi in nuna mata inda kakana ke ɗaure kwalekwalensa. Ba kowa a ruwan, masunta duk suna gida ana hidimar salla. Sai ta zare hannunta daga nawa ta kama ɗagawa tana dariya, tana kallon tsakiyar ruwa. Na ce, "Ummi, wa kike yi wa bai-bai?" Ta ce, "Nenek ce. Ta ce na yi girma."

Na duba, na ƙara dubawa, ruwa ne kawai da kacala. Zuciyata ta ce in suri yarinyar in gudu, amma sai na ga bai kamata ba, wadda ta yi mana abin da ta yi. Ni ma na ɗaga hannu, na yi sallama, sannan na ɗauki 'yata muka hau tudu. Yanzu in na tambayi Ummi ba ta tuna komai.

Ban san ko mutum ce ko aljana ba, Allah Shi Ya bar wa kanSa sani, ni dai ina sa ta a addu'a tare da kakannina. Shawarata gare ku, musamman masu zaman ƙasar wasu da iyali, in kun je wuri aka ce ga dokarsa, ku bi, ko da kuna ganin kun fi masu wurin sani. Sannan in wani ya dube ku ya tambayi lafiyar gida har sau biyu, alhali babu lafiyar, don Allah ku buɗe baki ku faɗa masa. Ni saura ƙiris "lafiya ƙalau" ta ci ni, ta ci 'yata.